Ranar da Na Ƙona Taurar Baba Tsoho

A bayan gidanmu a Mandawari akwai wani kango. Tun ban san kaina ba ɗakunansa suka zube, aka bar wa ciyawa da ƙadangaru. Duk faɗinsa bai wuce tabarma goma ba, amma kakana, wanda muke kira Baba Tsoho, gandun dajinsa yake ce masa. Shekara da shekaru ya yi yana aikin malamin daji a wani gandun gwamnati kafin ciwon gwiwa ya dawo da shi cikin birni, kuma abin da ya taho da shi ƙwallon taura ne guda ɗaya a aljihu. Ya binne shi a tsakiyar kangon. Shekara shida taurar nan tana fama, da ƙyar ta kawo ƙirjina. Kullum da safe sai ya dogara sanda ya je ya gaishe ta kafin ya gaishe mu.

Ni da shi ba ma haɗuwa sai da tsiya. Amarya yake ce mini, ni kuma in ce masa ango mai haƙori uku.

Bara, bayan damina ta ɗauke, malamar jogirafi ta shirya mana muhawara a aji. Tambayar ita ce: idan tsawa ta kunna wuta a gandun daji, a bar ta ta ci ko a kashe ta? Aka yi ƙuri'a, ni na faɗa ɓangaren a bar ta. Na ce na shiga uku. Ni da ko fitilar ƙwai aka bari a kunne sai Mama ta tara mana unguwa, ta yaya zan tsaya gaban aji in ce a bar wuta?

Na sami Baba Tsoho a soro yana jan carbi.

"Ango, a makaranta an ce tsawa kan kunna wuta, wai da gaske akwai wadda ake bari ta ci daji?"

"Amarya, yau kuma ilimi ake nema? Zauna."

Ya ce dajin da ya yi aiki ya san wuta kamar yadda muka san ruwan sama. Wutar da ta zo da wuri, ciyawa da sauran danshi, lasa take yi ta wuce, bayan kwana kaɗan sabon tsiro ya fito, barewa da gada su samu abinci. Idan kuwa aka yi ta kashewa kowace shekara, ciyawa ta taru kan ciyawa, ranar da ta kama sai ta hau har kan bishiyoyi. Ya ce taura ma ba ta tsoron wuta, ranta a ƙasa yake. Daga nan ya shiga bayanin lokaci da iska da wani fili da ake sharewa kafin a kunna. Ni dai ina ta gyaɗa kai, amma tun daga "taura ba ta tsoron wuta" hankalina ya tashi sama. Na samu hujja. Saura in nuna wa aji da ido.

Ranar Asabar bayan la'asar, Baba Tsoho ya tafi gaisuwar rasuwa Gwammaja. Na ari wayar yayata da sunan zan duba aikin gida, na zari ashana daga madafa, na shige kango. Ciyawar ta kai gwiwata, ta bushe ƙayau. Shirina mai sauƙi ne: in kunna, wuta ta lasa ta wuce, in ɗauki bidiyo, in kai wa malama, a tafa mini. Har na tanadi ruwa saboda tsaro. Buta ɗaya.

Wallahi ban gama cewa bismillah ba wutar ta fi ni tsawo. Ba lasa ta yi ba, haɗiya ta yi. Ƙadangarun da suka shekara suna gyaɗa mini kai suka bi ta kan ƙafata ba sallama. Na watsa ruwan butar, wutar ta yi wani "cuu" kamar tana mini dariya. Sai na ji maƙwabciyarmu ta kan katanga ta kwarma ihu: "Gobara! Jama'a, gobara!"

Wanda bai san lungunmu ba ba zai gane ba. Ko keke biyu ba sa wucewa tare, balle motar kashe gobara, kuma rufin wannan gida yana jingine da na wancan. Saboda haka idan aka ce gobara, ba a tambayar ta waye. Kafin ƙiftawar ido mutum ya kai dubu a kangon, ko dai ashirin. Mai garuwa ya juye jarkokinsa kaf. Tela ya zo da bokiti, tef na rataye a wuyansa. Wata tsohuwa ta watso ruwan wankin shinkafa har da shinkafar. Ni kaina an zuba mini bokiti biyu, wai hayaƙi na fita daga hijabina.

Wutar ta mutu. Ba gidan da ta taɓa, sai igiyar shanyar maƙwabciyarmu da zani ɗaya. Amma a tsakiyar kangon, inda taura take, sai wani baƙin tsinke a tsaye, ba ganye ko ɗaya.

Ba sai an yi bincike ba, ashanar na hannuna. Mama ta ja ni da kunne tun daga kango har tsakar gida, ina jin kunnena na hagu ya fi na dama tsawo har yau. Yayata ta ƙwace wayarta ta kunna bidiyon. Babu wuta a ciki. Ƙafafuna ne kawai, sai sama, sai muryata ina ta salati.

Duk wannan bai dame ni ba kamar dawowar Baba Tsoho. Bai yi faɗa ba. Ya tsaya a bakin kangon ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo.

"Ke kika kunna?"

"Ai kai ka ce ba ta tsoron wuta."

"Tsawa aka ce miki a makaranta. Ke tsawa ce?"

Ya wuce ɗakinsa. Daga ranar ya daina ce mini amarya. "Ke, miƙo buta." "Ke, rufe ƙofa." Na kai masa kunu na ce, "Ango, ga shi," ya karɓa ya ce ya gode, kamar wata baƙuwa.

Na kasa zama wuri ɗaya. In na tashi da safe, kango. In na dawo daga makaranta, tun ban cire takalmi ba, kango. Na kankare jikin tsinken da farce ko zan ga kore, ban ga komai ba sai baƙi a farcena. Na yi ta satar ruwan randa ina zuba mata har Mama ta fara zargin randar ta tsage. Na roƙe ta da Hausa, na roƙe ta da Turanci. A islamiyya malam yana ja mana hadda, ni ina lissafin shekarun Baba Tsoho, ina tara shida a kai, ko zai kai ya ga wata taurar ta girma. Ko a kasuwa na hangi mai tallan taura sai in sauya hanya.

Ranar muhawara na tashi na faɗi abin da ya gaya mini, wannan karon har da lokaci da iska, don sai da na je na tambayi malama abin da na ƙi saurara. Ina cikin magana wata daga baya ta ce, "A tambaye ta zanin maƙwabciyarsu!" Aji ya fashe da dariya. Ɓangarenmu ya faɗi. Ko a jikina, tunanina na kango.

Sai da aka yi mako bakwai. Wata Juma'a da safe na leƙa, na tarar da shi tsugune a gindin tsinken, abin da gwiwarsa ta daɗe da hana shi. Na juya zan gudu.

"Ke, zo nan."

Na matso. Ya ture toka da yatsa. Daga ƙasa, ba daga jikin tsinken ba, wasu 'yan tsiro uku sun ɓullo, jajaye-jajaye, ko tsawon ɗan yatsana ba su kai ba. Na kurma ihun da ya sa maƙwabciyarmu ta sake leƙowa da bokiti a hannu.

"Ka gani! Ka gani! Ashe ina da gaskiya!"

"Ba ki da ita. Ita ce ta yi haƙuri." Ya nuna baƙin tsinken. "Wannan ya tafi. Shekara shida kika cinye da tsinken ashana ɗaya. Ni dama ban sa ran cin 'ya'yanta ba, ku na shuka wa. Yanzu sai ki jira."

Na ce, "Yaushe ka gan su?"

"Tun ranar Litinin. Na rufe su da toka."

"Baba Tsoho! Kwana huɗu ina ramewa!"

"Tuwo malmala biyu kike ci, ina gani."

Ya miƙo hannu na ɗaga shi, gwiwar tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ya jawo wata fartanya da ya jingine a katanga ya ɗora mini a kafaɗa. Ya ce in share ƙasa in zagaye taurar, taku uku ta kowane gefe, kada in bar ko silin ciyawa, kuma haka zan riƙa yi duk ƙarshen damina har ta fi ni tsawo.

"Wannan shi ne abin da nake gaya miki ranar, kina gyaɗa kai kamar ƙadangaruwa. Maza, amarya, kafin rana ta yi zafi. Kuma ba ni ashanar da ke aljihunki."

Na rantse masa babu. Ya ci gaba da miƙo hannu. Na ba shi.