Gasar da Ba a Tashi

Kafil ɗina, wato maigidan da ya ɗauke ni aiki a Doha, dattijo ne mai son jirgin sama marar inji. Wani ƙaramin jirgi ke jan sa sama ya sake shi, daga nan iska mai zafi ta ɗauke shi yana shawagi kamar shirwa. Ni direbansa ne. In kai shi fili a bayan gari, in tsaya cikin rana ina ɗaga kai har wuyana ya ƙage, in ya sauka a wani saƙo in ja tirela in kwaso shi.

Kafin korona, gasa yake zuwa ƙasar waje duk shekara. Gasa kuwa ta san mutunci: alƙalai su buɗe, su rufe, a miƙa wa wani kofi, kowa ya kama gabansa. Da an rufe nake samun hutu in je gida in ga Inna.

Annoba ta zo, aka soke gasa. Sai ya gano wani shafi a intanet inda matuƙa ke ɗora tafiyar da na'ura ta naɗa musu, a jera su bisa nisan da kowa ya ci. Tsakani da Allah, abin ya raya shi. Tsofaffi irinsa daga ƙasashen da bai taɓa takawa ba suna yaba masa, shi kuma yana nuna mini layin tafiyarsa a waya, wani abu kamar taliyar da ta zube.

"Wannan ya fi gasa, habibi," in ji shi. "Ba alƙali, ba ranar rufewa."

To, a nan gizo ke saƙar. Ba ranar rufewa, ba ranar hutuna. Ko da aka buɗe hanyoyi, in na roƙa sai ya ce in bari ya wuce wani Bature da ke gabansa. Ya wuce shi, washegari wani ya wuce su duka. Na gaji, irin gajiyar da barci ba ya magani. A ɗakinmu na unguwar Bin Omran har tsokanata ake, wai makiyayin tsuntsu ɗaya.

Duk kiran waya tambayar Inna ɗaya ce.

"An tashi daga gasar, ɗan nan? Idona fa sai ƙara hazo yake."

"Saura kaɗan, Inna."

Kofin Duniya na ƙwallo da aka buga a ƙasar ne ya cece ni. Jiragen baƙi suka cika sama, aka taƙaita tashin ƙanana. Kafil ɗina ya dubi sama, ya dube ni.

"Khalas, shi ke nan. Yalla, je ka gida."

Na tarar da Inna a tabarmarta. Ta ji muryata, amma ta juya kai gefen da ba na tsaye. Na durƙusa, ta lalubo fuskata da tafukanta, ta daɗe a kan furfurar da ba ta san na yi ba.

"To, wa ya ci?" ta tambaya.

"Ba wanda ya ci, Inna."