Ƙafar Surukina a Kan Titin Maiyama

Duk wanda ya san ni a Jega a shekarun da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, da abu biyu ya san ni: ɗinki da baki. Ɗinkin a shago nake yi, bakin kuwa a kan keke. Motoci sun ƙaru a lokacin, ban san daga inda suka ɓullo ba, kowa na gudun zuwa Birnin Kabi kamar can ake rabon Aljanna. Direba ya matse ni, sai na saki hannu ɗaya na watsa masa daƙƙuwa, na bi shi da zagi har ya ɓace. Ban taɓa jin kunyar wannan ba, don sun cancanta. Mutum ya buɗe ƙofar mota a gabanka bai waiwaya ba, wani ya tofo maka bawon rake a fuska, mai babbar mota ya gama gyara ya tafi ya bar duwatsun da ya tare taya da su a tsakiyar kwalta. To wa za ka gaishe?

A cikin waɗannan shekarun ne a-kori-kura ta karya surukina, mahaifin matata. Manomi ne a Sarandosa, dogo, marar yawan magana. Ya zo cin kasuwar Jega, yana tafiya a gefen titi, direban ya leƙo kai yana gaisawa da wani a bayansa, motar ta ci gaba da tafiya ita kaɗai ta same shi ta baya. Ƙafar hagu ta karye a ƙauri. Aka kai shi Aliero gidan wani mai ɗori, ya kwanta can makonni, ni da ɗiyarsa muna kai abinci.

Ranar da aka sallame shi, mai ɗorin ya kira ni gefe. Ya ce ƙashi ya kama amma bai yi ƙwari ba. In aka kai shi gida lafiya ya kwanta, kafin ruwan shuka zai taka. In kuwa ƙafar ta bugu ko ta girgiza da ƙarfi a hanya, za ta goce ta haɗe a karkace, kuma ba mai iya miƙe ta bayan nan. Na san abin da wannan ke nufi ga Baba. Mutumin da duk shekara shi ke bin bayan mai sungumi yana jefa iri yana rufewa da diddige, bai yarda wani ya rufe masa ramin gero ba tun yana saurayi.

Na ce to bari na nemo tasi. Baba yana kwance a tabarma ya ji ni.

"Ba ni shiga," in ji shi.

"Baba, ai gaba za a ba ka, kai kaɗai."

"Na rantse ba ni shiga mota sai na taka ƙofar gidana da ƙahwata. Kana da keke ko ba ka da shi?"

Ina da shi. Kuma mutum ba ya jayayya da surukinsa. Tun da na auri ɗiyarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, in na hango shi tun daga nesa nake cire takalmi. Yau ga shi zan goya shi.

Muka ɗaure matashi a kan kariyar bayan keken, muka sa katako a gicciye don ƙafar ta kwanta a miƙe, da karan ɗorinta da tsummanta. Na so ya zauna yana fuskantar daji, ƙafar ta leƙa wajen gonaki. Ya ƙi. Ya ce wadda ta karya shi ta baya ta zo masa, ba ya ƙara ba mota baya. Haka ya zauna a kaikaice yana kallon titi, ƙafar ta miƙe cikin hanya, daidai inda motoci ke wucewa. Na rataya ƙullin kayansa a ɗaya gefen don keken ya daidaita. Mai ɗorin ya dube mu ya girgiza kai, ya shiga gida ya fito da wani jan ƙyalle ya ɗaura a bakin katakon, irin yadda ake yi wa motar da ta ɗauko rodi.

Sai ga wata matsalar. Baba ya ƙi riƙe ni. Ina zai kama ƙugun mijin ɗiyarsa? Ya sa yatsu ya kama ƙarfen ƙarƙashin sirdi, shi ke nan. Ni kuma bakina ya kasa furta "riƙe ni". Muka tashi da hantsi a haka.

Lokacin cire albasa ne, rana tun da safe ta fara cizo, hanya cike da raƙuma da jakuna da motoci, ko'ina warin albasa. Ba mu yi nisa ba wata tasi ta wuce mu, ta sha gabanmu, ta taka birki ba sigina ba komai, don wata mata ta ɗaga hannu. Na matse birki har keken ya yi ƙara. Zagin ya taso mini tun daga ciki, ya iso maƙogwaro, na tuna wanda ke bayana, na haɗiye shi. Abin da ya fito shi ne, "Allah ya shirye ka." Wallahi ban taɓa jin addu'a mai ɗaci irin wannan ba.

Haka muka yi ta yi har Jega. Ɗan kabu-kabu ya zo da babur ɗinsa ta hannun da ba nasa ba yana dariya. Wata bas ta wuce kusa har jan ƙyallen ya tashi ya lafe a jikin katako. Duk wadda ta wuce sai na ji sirdi ya motsa, yatsun Baba ne ke ƙara damƙe ƙarfe.

A Jega matata ta fito da fura, ta ga yadda uban ya zauna, ta sa kuka. Ta roƙe shi ya kwana, ya huta. Ya ce shi bai kwana gidan suruki. Ya sha furar a kan keken, ina riƙe da kan keken ina kallon wani wuri, muka kama hanyar Maiyama.

Wannan hanyar ita nake tsoro. Siririya ce, ruwa ya cinye gefenta, kwaltar ta tsaya da tudu kamar bakin dakali. Da ni kaɗai ne, in babbar mota ta taho sai na faɗa ƙasa na ba ta wuri. Yau ba dama, faɗawa ɗaya ta isa ta gama da ƙafar. Kuma nan ne hanyar tirelolin da ke kwasar albasa zuwa kudu, waɗanda ba su san akwai wata halitta mai suna mai keke ba.

Mun wuce gari da ɗan nisa na ji ta. Tun kafin ka ji ƙara, ƙasa ce ke gaya maka, feda na rawa a ƙarƙashin ƙafarka. Na saci kallo ta kafaɗa: tirela ce, an yi mata lodi har ya fi kanta tsawo. A gabanmu kuma ga wata bas ta taho. Na auna da ido, na ga daidai kanmu za su haɗu, kuma faɗin titin bai isa su biyu da ƙafar Baba ba. Na fara salati da ƙarfi, kunya ta tafi. Na ji Baba ma yana yi.

Sai na ji wani irin huci, fuuu, sannan ƙugi, sannan hucin kuma. Bas ta wuce. Na ƙanƙame jiki ina jiran ham ɗin da zai fasa mini kunne, ina jiran iskar da za ta jefa mu. Shiru. Na ƙara waiwayawa. Tana nan a bayanmu, ta cika hannunmu gaba ɗaya, tana tafiya a hankali, daidai tafiyar kekena.

Na ɗauka direban jira yake hanya ta buɗe. Hanya ta buɗe, fayau, ba kowa. Na matsa iyakar matsawa, na yi masa hannu ya wuce. Bai wuce ba.

"Baba, ba ta wucewa."

"Na gani," in ji shi. "Tahi dai."

Jama'a, na yi shekaru a kan keke, ban taɓa ganin abu irin wannan ba, kuma ban sake gani ba. Dutse guda na ƙarfe da albasa, abin da in ya taka ni ko ji ba zai yi ba, yana rarrafe a bayan tela da tsoho. Ina jin zafin injin a bayan wuyana. In na rage, ya rage. Da muka zo wata 'yar hawa ƙafafuna suka yi nauyi har keken na neman tsayawa, na ji ya sauya giya, motar ta yi gurnani ta ƙara lafawa, ba ta matso ko taku ɗaya ba. Tsoro nake ji, amma ba irin na ɗazu ba.

Motoci suka taru a bayansa. Ham ta ko'ina, ana zage-zage, na ji zagin da ko ni ban iya ba. Shi dai hannunsa na waje ta taga. In gaba ba kowa sai ya yi musu alama su fita can ɗaya hannun, yana nuna mu da yatsa, su wuce shi su wuce mu tare, nesa da ƙyallen. In mota na tahowa daga gaba sai ya kunna mata fitila, ya baje tafin hannu, na baya su tsaya. Har wata mai jiniya ta zo, ta wani babba, irin waɗanda in ka ji su kake faɗawa daji da kai da keken. Ta yi kuka ta yi kuka a bayansa. Bai gusa ba sai da hanya ta buɗe, ita ma ta bi inda ya nuna mata.

Masu aiki a gonakin bakin hanya suka miƙe tsaye suna kallo. Wasu mata da itace a ka suka tsaya suka juyo gaba ɗayansu. Wani mai raƙumi ya ɗaga mana hannu, ban san ko mu yake gaisarwa ko motar ba. Ni dai ina tuƙi, gumi na shiga mini ido, kuma sai na lura sirdin ya daina motsi. Baba ya sassauta riƙon.

Haka muka tafi har inda hanyar ƙauyensu ta rabu da kwalta. Na samu wuri mai laushi na sauka a hankali, na tsaya ƙarƙashin wata bishiyar bedi. Tirelar ta wuce mu kaɗan ta faka. Motocin da suka rage suka fice a guje, kowa na jefa masa magana.

Ƙofa ta buɗe. Na zaci ƙato zan gani. Wani ɗan tsamurmurin mutum ne mai furfura a gemu, kuma ya daɗe yana saukowa, yana riƙe ƙarfe da hannu biyu. Da ya taka ƙasa na ga dalili. Ƙafarsa ta hagu ta lanƙwashe a ƙauri kamar lauje, ta fi ɗayar gajarta, in ya yi taku duk jikinsa sai ya karkata.

Ya iso ya yi sallama, ya so ya durƙusa wa Baba, ƙafar ta hana, ya dafa gwiwa ya rusuna.

"Sannu Baba. Ya jiki?"

"Da sauƙi, ɗana. Sannu da ƙoƙari."

Ya sunkuya yana duban ƙafar, bai taɓa ba. Ya ce tun daga nesa da ya hango jan ƙyallen ya ɗauka katako ne, sai da ya matso ya ga kara da tsumma, ya gane ɗaurin Aliero. Ya ce shi ma can aka ɗora tasa.

Bakina ya riga ni. Na ce, "To ya aka yi ta zama haka?"

"Ɗori ya yi kyau," in ji shi. "Hanyar gida ta ɓata shi. Mota anka sa ni, direba na sauri, ya hwaɗa rami da gudu. Na ji sa'adda ta goce."

Ya faɗe shi ne kamar mai ba da labarin wani. Sannan ya dube ni ya ce hanyar da ta rage rairayi ce da saiwoyi, kar na kuskura na hau, na tura da hannu. Na ce to. Ni da ba a taɓa rasa magana a bakina ba a gaban direba, na tsaya ina ta "to, to", na rasa yadda ake gode wa irinsu don ban taɓa yi ba. Baba ne ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a mai tsawo, mutumin yana shafawa.

Muka bi shi da kallo yana komawa. A bakin matakala ya sa hannu ya ɗaga ƙafar ya ɗora, sannan ya ja jikinsa sama. Motar ta yi huci ta hau titi, ta nufi kudu da albasarta. Ban san sunansa ba, ban san garinsu ba.

Baba bai ɗauke ido daga titin ba sai da ta ɓace. Sannan ya ce, a hankali, "Da haka tawa ƙahwar za ta zama."

Na kama kan keken na fara turawa cikin rairayi. Ba mu yi nisa ba taya ta hau wata saiwa, keken ya ɗan karkata, sai na ji hannu a kafaɗata. Hannu mai nauyi, mai kaushi. Ban waiwaya ba, shi kuma bai ɗauke ba har ƙofar gidansa.

Da ruwan shuka ya sauka na kai matata Sarandosa ganin gida. Aka ce Baba na gona. Na bi shi can, na cire takalmi tun daga kan iyaka, na tsaya daga nesa. Yana bin bayan mai sungumi da ƙoƙon iri a hannu, ya jefa, ya rufe, ya jefa, ya rufe. Na daɗe ina kallon ƙafafun don na tabbatar. Da ta hagun yake rufewa.