Hayaƙi da Tururi a Hanyar Bunkure

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, ni da surukina, mijin babbar 'yata, shi ke tuƙi. Ba yawon buɗe ido ya fitar da ni ba. Likita ya sa mini ranar aikin ƙaba, ya kuma gindaya sharaɗi: in rabu da hayaƙi kafin ranar, domin mashayin taba yakan yi tari bayan aiki, tarin ya ɓalle ɗinki, miki ya ƙi warkewa. Ya taɓa ɗaga aikin saboda haka, ƙabar kuwa kullum ƙara sauka take yi. 'Yata ce ta kawo shawarar in tafi wajen taubashina a wani ƙauye bayan Bunkure, nesa da majalisarmu da mai teburin bakin layi. Ita ce kuma ta haɗa ni da mijinta, don ta san ko me zai faru ba zan kunna sigari a gaban suruki ba.

Abin da ba ta sani ba, a aljihun 'yar cikina akwai wani abu da na sayo a Dubai bara, wai shi sigarin lantarki. Kamarsa ɗaya da karan sigari, sai dai batir gare shi, ana yi masa caji kamar wayar salula. In ka zuƙa, bakinsa ya yi ja, ka fesar da tururi marar wari. Na riga na yi wa kaina fatawa: likita hayaƙi ya hana, wannan kuwa tururi ne. Larabawan Masar da na zauna da su taba ma sunanta hayaƙi, Faransawa kuma da kalmar hayaƙi suke faɗin shan ta. Da hujjar harsuna biyu na kwantar da hankalina, amma bai kwanta duka ba.

Hanyar Zariya da sassafe ta manyan motoci ce. A Kura muka tsaya muka karya da waina da miyar taushe, mai arha ƙwarai in an kwatanta da cikin birni. Injinan casar shinkafa sun fara ruri, 'yan acaɓa na ɗaukar buhu biyu har da mai buhun a sama. A gefen titi mata na turara shinkafa a manyan duro, hayaƙin itace na tashi daga ƙasa, tururi daga sama. Na tsaya na ƙura wa hayaƙin da tururin ido, ina cewa a raina, ai ga shi nan, kowa ya san abu biyu ne.

Daga nan muka kama hanyar Bunkure. Wanda bai taɓa zuwa wannan yanki da rani ba zai yi mamaki. Ƙasa ta bushe ko'ina, amma nan kore shar, ruwan Tiga na bin magudanan siminti yana rarrabuwa cikin gonaki. Ya tuna mini da Jazira ta ƙasar Sudan, sai dai can auduga ce iya ganinka, nan kuwa kowa da abin da ya ga dama: wannan albasa, wancan alkama, na gaba tumatir. Tumatir ya yi yawa bana har manoma na ƙorafin kuɗinsa bai kai wahalar tsinkarsa ba, shi ya sa ake yanka shi ana shanyawa a bakin hanya, ja wur kamar an shimfiɗa darduma.

Taubashina ya tare mu a ƙofar gida. Tsoho ne kamata, amma noma ya hana shi tumbi.

"Bawana ya iso!" in ji shi. "An gama zaga duniya, an dawo da kaya a wando."

Na ce, "Rufa mini baki, ga suruki."

"Ai shi ya ɗauko ka, ya san nauyin da ya ɗauko."

Surukina ya sunkuyar da kai ya shiga sauke jaka.

Kwanakin farko lafiya lau. Tuwon shinkafa sabuwar casa, nono daga rugar da ke bayan gari, ni kuma nakan zaga bayan rumbu in zuƙi abina. Sai batir ya mutu, ƙauyen kuwa babu wutar lantarki. Ranar kasuwar Bunkure na ce zan je ganin gari. Na wuce 'yan albasa da 'yan rake ban ko taya ba, na nufi rumfar mai cajin waya da ɗan janaretonsa. Ya jujjuya abin ya ce, "Alhaji, biro ne ko tocila?" Na ce ya dai jona. Yana jonawa cajar abin nawa ta yi ƙara, ta yi wari, ta ƙone.

Abin da ya biyo baya ban taɓa gamuwa da irinsa ba, ko zazzaɓin da ya kwantar da ni a Kwatano. Kai na sarawa, baki ya yi ɗaci. Na ci goro har haƙorana suka gaji, na sha rake, na tauna asuwaki ya zama igiya. In na yi tari sai in dafe mara, ina jin ƙabar na turowa, in tuna likita ya ce in ta murɗe babu jira. Mafi muni, na daka wa surukina tsawa a kan butar alwala da ya ajiye nesa. Mutumin da ban taɓa ɗaga wa murya ba. Ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba," ya matso da ita. Da ma zagina ya yi.

Washegari taubashina ya ja ni gona, ranar da ruwa ke zuwa layinsu. Ya buɗe bakin magudani da fartanya, ruwa ya shiga yana bin albasa, sannan muka zauna a inuwar mangwaro. Ya dube ni ya ga yadda nake zufa. Sai ya zaro 'yar battarsa ta garin taba da kanwa, irin wadda tsofaffi ke cusawa a leɓe, ya zuba mini a tafin hannu.

"Sa wannan ka huta, kada ka mutu mini a gona a ce na ci gadonka."

"Likita ya hana."

"Me ya ce maka?"

"Ya ce in rabu da hayaƙi."

"To ina hayaƙi a nan? Ka ga wuta? Gari ne fa."

Na buɗe baki zan yi masa dariyar ƙauyanci, in ce taba ai taba ce ko ta wace ƙofa ta shiga, sai na fasa. Fatawata ce ya karanto mini, kalma ɗaya kawai ya canja. Babu suruki a wurin, babu kowa. Ƙamshin garin na hawa hancina, yawu ya cika mini baki. Na daɗe ina kallon tafin hannuna kafin na mayar masa a batta, rabi ya zube ƙasa.

"Asara," in ji shi. "Mutanen birni ba ku iya komai ba."

A wannan yanki waya ba ta samun layi sai a kan gadar babban magudani. Can na hau na kira likita, na gaya masa zancen sigarin lantarkin duka. Ya ce, "Baba, da na ce hayaƙi, taba nake nufi da duk danginta. Sinadarin da ke sa ka nemanta yana cikin ruwan abin nan, kuma shi ma yana hana miki haɗewa." Ya ce lissafinsa zai fara daga ranar da batir ya mutu, ba daga ranar da na ajiye sigari ba. Aiki ya sake matsawa gaba. In kuwa na ji mara ta ɗaure ko amai ya zo, a kawo ni nan take.

Muka dawo da buhun shinkafa da kwandon tumatir da taubashina ya tilasta mana, kowane rami a hanya ina jin sa a marata. Da la'asar muka shiga gida. Na zaunar da 'yata na gaya mata da bakina. Ta miƙo hannu, na ba ta abin.

Na ga ƙasashe, na iya sunan hayaƙi a harsuna da dama, kuma wannan tafiya ta nuna mini cewa da iliminsa mutum ya fi saurin yaudarar kansa. Da na tambayi likita tun farko abin da yake nufi, da yanzu an ɗinke ni ina jinya. Har yau barci sai a hankali, amma ban taɓa komai ba. Ku sa ni a addu'a, Allah ya sa ƙabar nan ta jira ni har ranar.