Sakkwatanci a Shagon Ɗinki

A shekarun casa'in na yi aiki a wani shagon gyaran tufafi a unguwar Lewisham ta Landan, lokacin maigidana yana karatun likita. Mu huɗu ne a kan kekunan ɗinki: ni Basakkwaciya, da mata biyu 'yan ƙasar Jojiya, da wata dattijuwa 'yar ƙabilar Bodo daga Assam ta Indiya.

'Yan Jojiyan nan ba sa wuni ba su tsokani juna ba. Ɗaya daga yamma take, maganarta da sauri kamar ana korarta, ɗayar kuma daga duwatsun gabas, sai ta ja kalma ta ja. Harshensu ɗaya, amma kowacce ta rantse maganar 'yar'uwarta ce ta ƙauye. Su kwaikwayi juna, su yi dariya har da hawaye.

Ni abin ba ya ba ni dariya. A wajen wani suna a Plumstead, matan Kano sun sa ni maimaita “awo”, wato “i” ɗinmu na Sakkwato, suna ƙyaƙyatawa. Ina da zuciya, Allah ya sani. Na dawo gida na daina yi wa ɗiyata Hausa ɗungum, don kada a mayar da ita abin wasa. Kafin a jima ko gaisuwa ta fara kuɓuce mata.

Ranar da na ba su labarin ina huci, dattijuwar ta tsayar da kekenta.

“'Yata, ke har kin samu masu yi miki dariya da harshenku?”

Ta ce duk Landan mutum ɗaya ta sani mai jin Bodo, wani tsoho daga wani yanki daban, Bodonsa ba irin nata ba. Kowace Lahadi takan hau bas zuwa Old Kent Road don kawai ya ce mata maganarta a karkace take, ita ma ta rama.

“Bara ya rasu,” in ji ta. “Yanzu keken nan nake yi wa magana.”

Da yamma na ce wa yarinyar, “Taho ɗiyata, hwaɗa min, mi kika ci a makaranta?” Ta dube ni, ta amsa da Turanci. Ban fasa ba, washegari ma na sake.

Har yau ina gode wa matar nan. Zuwanmu Sakkwato na ƙarshe kafin rasuwar mahaifiyata, na bar su a tabarma ita da jikarta suna ta hira, babu wanda ya kira ni in fassara.