Tarkon da Bappa Bai Ɗana Ba

Har yau ban manta da ranar da manhajar tikitinmu ta ƙi haɗuwa ba. Lokacin ina ƙaramar mai rubuta manhaja a wani ofis a unguwar Bolari, muna yi wa tashoshin mota aiki. Bappa, babbanmu a rubutu, bai daɗe da ajiye aiki ba, bayan sun yi cacar baki da oga.

Ga wanda ba ɗan sana'a ba, kwamfaila ita ce ke juya rubutunmu ya zama abin da kwamfuta ke ganewa. Na kwashe aikin Bappa na sa a sabuwar kwamfuta, sai kwamfailarta ta yi tsaye, ta ce atafau akwai kuskure.

Oga dama mutum ne mai zargin inuwarsa. Ya ce, "Ladi, shekara da shekaru abu na aiki, sai da ya tafi zai lalace? Tarko ya ɗana mana. Ko da ke aka haɗa baki?"

Ni ma, gaskiya, na fara tuno yadda Bappa ke rufe allonsa in an matso. Kafin la'asar oga ya kira kamfanin da ke shirin ɗaukar Bappa aiki, ya ce su yi hattara da shi.

Washegari na bi layin rubutun da kwamfailar ke ƙorafi a kai. A C++, yaren kwamfutar da muke rubutu da shi, sakamakon lissafin da ba a ba suna ba na wucin gadi ne, da an gama layin ya ɓace. Dokar yaren ta hana a ɗaura masa rifarens, wato laƙabin da ake kiran abu da shi, irin wanda zai iya canza shi, don kamar aika saƙo ne ga fasinjan da motarsa ta tashi. Bappa ya yi hakan tun farkon aikin. Tsohuwar kwamfaila ta kau da kai, sabuwar kuwa ba ta san alfarma ba.

Na nuna wa oga fayil ɗaya a kwamfutocin biyu. A tsohuwar ya wuce, a sabuwar aka ƙi shi.

"To wacce ke ƙarya?"

"Wadda ta yi shiru, ranka ya daɗe."

Na ce ya kamata a sake kiran mutanen kamfanin nan a wanke Bappa. Ya ce zai duba. Bai kira ba, Bappa kuma bai samu aikin ba. Abin yana cina har yanzu.

Shi ya sa nake gaya muku, 'yan sana'armu, ku gwada aiki a kwamfaila biyu kafin ku ambaci sunan mutum. Gyaran layin nan bai ɗauke ni komai ba, sunan Bappa ne na kasa gyarawa.