Murjanin Inna

Tun ranar da na kafa akwatin gilashin nan a falona na unguwar Albarika mutanen unguwa suka sa ni gaba. Wai mutum yana zaune a Parakou, inda ko iskar teku ba ta isowa, ya ce sai ya yi kiwon teku a ɗaki. Mahaucin da nake sayen nama wurinsa ya taɓa tambayata ko kifin yana hayayyafa har a kai kasuwa. Na ce masa ba ma kifin nake kiwo ba, duwatsun ne. Ya dube ni, ya ƙara mini tsoka ɗaya, irin ƙarin da ake yi wa marar lafiya.

A Cotonou na kamu da wannan cuta, lokacin ina karatun haɗa magunguna. Murjani mai rai ba dutse ba ne, wasu ƙananan halittu ne masu bakuna da gashi-gashi, suna gina ƙashinsu a ƙarƙashinsu suna zaune a kai. Kuma ba su da haƙuri ko na sisin kwabo. Ruwan famfo guba ne gare su, sai tatacce. Gishirin miya ba ya yi, sai na musamman da ake sako mini a mota daga kudu. Zafi ya yi yawa su yi fushi, a ɗauke wuta injin da ke kaɗa ruwan ya tsaya su yi fushi. Batirin solar gidan ma nasu ne, mu sai abin da suka rage mana.

A shekarar da mantuwa ta fara kama mahaifiyata na je Djougou na ɗauko ta. Ba da son ranta ta taho ba. Gidanmu na can tsohon gidan fatake ne, kakanninta da ayarin goro suka zo suka zauna, kuma ita a ganinta duk inda ba Djougou ba zango ne kawai. Da ta iso ta ƙi abinci. Matata ta yi tuwo, ta yi sakwara, ta dama fura, Inna sai ta kawar da kai. Tana ramewa muna kallo, ni mai sayar da magani ban da abin da zan ba ta. Tsoro ya kama ni sosai.

Wata rana bayan la'asar na dawo na same ta a kan tabarma gaban akwatin, fitilarsa mai shuɗi ta rina mata fuska. Kwanon fura na gabanta, ta sha rabi. Daga nan muka gane: a wurin kaɗai take ci. Sai ta jira murjanin sun buɗe bakunansu, ta yi bisimilla, ta kai loma.

Na yi murna, amma murnar ba ta zauna daidai ba. Inna tana gaishe su. Ba da Hausa ba, da Dendi, yaren da rabona da jinsa a bakinta tun rasuwar kakata. Takan yi tambaya, ta yi shiru gwargwadon yadda mutum zai amsa, sannan ta gyaɗa kai. In ni na matso inuwata ta faɗa kan ruwan, sai su tsuke. Ita kuwa ko goshi ta jingina da gilashin suna nan a buɗe, suna kaɗawa ta wajenta. Na san dalili, tsohuwa ce, motsinta a hankali yake. Sanin bai hana tsigar jikina tashi ba.

Ran nan ta ce, “Kai, waɗannan mutanen naka, su wane ne?”

Na ce, “Murjani ne, Inna.”

Ta yi dariya, ta jawo abin wuyanta daga cikin riga. Jan murjani ne tsoho, an jera shi da ƙwayoyin tagulla a tsakani, na kakar kakarta. “Ga murjani nan. Ka mai da ni yarinya?”

Ni kuma da bakin malanta na shiga bayani. Na ce danginsu ɗaya, na wuyanta ƙashi ne da ya rage bayan masu shi sun mutu, aka ciro daga teku aka goge aka huda. Dariyar ta ɗauke. Ta daɗe tana murza ƙwayoyin da yatsa, sannan ta mai da shi cikin riga.

Ba a jima ba ’yan katantanwar da ke share gilashin suka fara faɗowa ƙasa. Jatan landen da ke cikin akwatin ya mutu. Kifin kuwa garau. Sai murjanin suka fara ƙin buɗewa, mai kore ya kwaɓe ya bar farin ƙashi, na kusa da shi ya bi. Na auna gishiri, na auna zafi, na canza ruwa har bayana ya ƙage. Na zargi mai kawo gishirin, na zargi matata da fesa maganin sauro, har muka yi cacar baki, alhali baiwar Allah ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kwanon Inna. Duk wanda ya yi fari, lomarta sai ta ragu. Tana zaune tana kallonsu ba tashin hankali a fuskarta, kamar mai zaman jiran mota.

Da rana tsaka tana barcin ƙailula na zura hannu ina ɗaga duwatsun ɗaya bayan ɗaya. A ƙarƙashin babban, cikin yashi, yatsana ya taɓa wani abu. Abin wuyan ne, an naɗe shi tsaf a farin ƙyalle an ɗaure gefe da gefe. Tagullar ta yi kore. Duk mai wannan kiwo ya san tagulla ajalin murjani ce, kaɗan ta isa, kuma in ta shiga dutse ba ta fita da sauƙi. Amma ba tagullar ce ta tsayar da ni ba, ɗaurin ƙyallen ne. Na taɓa ganin irinsa a gidajen rasuwa.

“Mayar.”

Inna ce tsaye a bakin ƙofa, ban ji tahowarta ba.

Na ce, “Inna, shi ne yake kashe su.”

Ta ce, “Shekara nawa muna yawo da gawar mutane a wuya, uwa ta ba ’ya, ana zuwa biki da ita. Ba wanda ya yi mata sutura. Na kawo wa dangi mamacinsu, kai kuma ka tone. Haka aka koya maka?”

Na roƙe ta dai ta bari in tsinke zaren in ware tagullar, na ce ƙarfe ba danginsu ba ne. Ta yi nazari ta yarda. Ita ta sake naɗe jajayen ƙwayoyin, na ɗaga mata dutsen, ta tura da hannunta har gwiwar hannu cikin ruwan.

Na sa duk abin da na sani na tsotse guba, na ci gaba da canza ruwa. Saura guda ɗaya mai rai, wani mai ruwan ƙasa a can kusurwa, kuma saboda shi Inna take shan cokali biyu-uku na koko. Kullum kafin in gaida kowa shi nake fara dubawa, ina yi masa addu'ar da ban yi wa kaina ba. Wata safiya na tarar ya yi fari fat.

Na tsaya na tare wurin da jikina, kamar hakan zai yi wani amfani. Ta zo ta ture ni gefe ta duba. Ba ta yi kuka ba.

Ta ce, “Sun tafi rakiya. Ai ba a barin mamaci ya tafi shi kaɗai. Mutanen kirki ne.” Sannan ta juyo ta dube ni da idon da ya san ni sarai, abin da ta daɗe ba ta yi ba. “Ka kai ni Djougou yau. Gara in je a zaune, kada in ba ku wahalar ɗauka.”

Na so in ce a bari ta ƙara ƙarfi. Matata ta girgiza mini kai, ta shiga haɗa kaya.

A hanya, wajen ƙauyen Bariénou, ta hango wata Bafulatana da soyayyen wagashi, cukun nono, a bakin titi, ta ce in tsaya. Ta ci yanka biyu, ta lashe yatsu, ta ce gishiri ya yi masa kaɗan. Na yi ta murna har muka shiga gari, ina cewa a raina iskar gida ta fara aiki. Ashe guzuri take yi. Daga shi ba ta ƙara sa komai a baki ba sai ruwa.