Ranar da Mijin Yayata Ya Taka Feda

Ina karatu a Kalgo na ɗaura wa kekena dainamo mai cajin waya in ana taka feda. Da na zo da shi gida Gwandu, mijin yayata ya ce a gaban 'yan majalisarsu boko ya taɓa mini kai. Kowa ya dara. Ni kuwa na riƙe abin.

Da bazara aka ɗauke wuta kwana da kwanaki, sai ga mijin yayar tawa da matacciyar waya. Na tura keken har majalisar, na ɗage tayar baya, na ce, "Bismilla, Yaya, sai an taka."

Ya hau da babbar riga, yana ta haki. Sai da rigar ta jiƙe sharkaf sannan na jona igiyar cajin.